Yaye Ba Aikin Rana Ɗaya Ba Ne

Ni uwa ce mai 'ya'ya uku, a garin Gadarif nake zaune. Babban ya cika shekara 6, mai bi masa mace ce tana cikin ta 5, ƙaramin kuwa watansa 20. Yana tafiya, yana gudu, ya iya cewa "ruwa" da "a'a", kuma har yanzu yana shan mama. Kwanan nan maƙwabta suka soma tambayata, "Yaushe za a kai shi yaye?" Amsar da nake ba su ba ta yi wa wasu daɗi. Shi ya sa na ga ya kamata in rubuta dalilina, domin 'yan'uwana mata su karanta, su karanta wa mazajensu da iyayensu.

Ra'ayina shi ne, kada a raba yaro da mama da mahaifiyarsa a rana ɗaya. A yaye shi sannu-sannu a ɗakin uwarsa. Kaka ta zo ta taya yaye. In za ta ɗauki jikanta, ta ɗauke shi bayan ya iya cin abinci ya ƙoshi.

Abin da ya faru da ɗana na fari

Ba zan faɗi sunansa ba, kun san al'ada. An haife shi da damina a 2019. Yana da wata 14 na gane ina da ciki. Da maganar ta kai kunnen uwar maigidana, wadda muke kira Inna, sai ta taso daga ƙauyensu na bakin kogin Rahad. Ta ce, "'Yar nan, kin yi kwanika. Nonon nan ya ɓaci, in ya ci gaba da sha zai lalace. Ku ba ni mijina in tafi da shi."

Ban yi musu ba. Da wane baki zan yi? Ɗan fari ne, in na nuna damuwa a ce ba ni da kunya. Da asuba aka shafa mini maɗaci a mama, ya kama ya saki yana kuka, Inna ta goya shi suka hau mota. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa.

Lokacin yankan riɗi ne. Wanda ya san Gadarif ya san riɗi ba ya jiran kowa, in ya nuna aka yi jinkiri sai ya fashe ya zube ƙasa. Kowa a ƙauyen yana gona tun safe har yamma, har da Inna. Yaron yana gida tare da yara bakwai, wata yarinya 'yar shekara 9 ke dubansu. Abinci sau biyu ne, tuwon dawa da miyar kuɓewa busasshiya, a kwano ɗaya. Kafin ya kai loma biyu manyan sun sauke kwanon. In ya yi kuka a ba shi ruwan kunu ko shayi.

Bayan mako 10 babansa ya je duba shi, ya dawo da shi a ranar. Da na kwance goyon ban gane ɗana ba. Gashinsa ya yi ja ya yi laushi. Ƙafafunsa sun kumbura, in ka danna da yatsa sai ramin ya tsaya. Ba ya wasa, ba ya dariya. Na miƙa masa hannu ya juya mini baya. Wannan juya bayan ya fi kumburin yi mini ciwo.

A asibiti aka kwantar da mu. Aka auna damtsensa da wani ɗan zare mai launi uku, aka ɗebi jininsa aka gwada ko yana da kala'azar, tun da daga bakin Rahad aka kawo shi. Allah ya sa babu. Aka ce tamowa ce mai tsanani. Aka soma ba shi wata madara ta musamman kaɗan-kaɗan dare da rana, daga baya aka koma ba shi gyaɗar nan ta asibiti da ke cikin leda. Ya warke, alhamdu lillahi. Amma ya ɗauki wata biyu kafin ya yarda ya kwanta a jikina.

Ban ga laifin Inna ba

Wannan magana tana da muhimmanci a wurina. Inna ba ta ƙi jikanta ba. Ita ce ta kwana tare da mu a ƙasa a asibiti, ita ce ta sayar da akuyarta. Abin da aka yi mata ta yi, abin da ta ga iyayenta sun yi.

Kuma al'adar tana da tushe. Kakanninmu da ƙafa suka zo ƙasar nan, a kan hanyar hajji, wasu suka shekara da shekaru a hanya suna noma suna ƙara gaba. Wasu kuma sun taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, suka bi ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ya kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Daga can da sauran wurare mutanenmu suka bazu zuwa Gadarif da ƙauyukan Rahad da Atbara. A irin wannan tafiya uwa tana iya rasuwa a hanya, uba yana iya wucewa gaba bai dawo ba. Yaron da ya saba da kaka da goggo da inna shi ne ya rayu. Riƙon 'ya'yan dangi shi ya riƙe mu a ƙasar da ba mu da kowa. Ba na so a bar shi.

Abin da nake so a duba shi ne lokacin da ake ɗaukar yaron, da yadda ake ɗaukarsa.

Abin da yaro ke rasawa ranar yaye

Wata ma'aikaciyar jinya ta zauna da ni a asibiti ta yi mini bayani, ban manta ba. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawara a ba jariri mama zalla wata 6, ko ruwa kada a ba shi, sa'an nan a soma ba shi abinci ana ci gaba da mama har shekara 2 ko fiye. Na ce mata ai addininmu ma shekara biyu ya ambata. Ta ce to, kin ga ba baƙon abu ba ne.

Ta ce tsakanin shekara 1 da 2, mama yana ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke bukata, kuma yana ɗauke da abin da ke kare shi daga gudawa da ciwon ƙirji. Ranar da aka cire shi gaba ɗaya, an rage masa wannan kashi ɗaya ke nan. Wa zai cike gurbin? Cikin yaro ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai wuce kofi guda ba. In aka cika kofin nan da ruwan kunu ko shayi, ya ƙoshi a ido amma jikinsa bai sami kome ba.

Ga kuma baƙin ciki. Yaro mai wata 14 bai san an kai shi wurin kakarsa don ƙauna ba. Abin da ya sani shi ne uwarsa ta ɓace. Yakan ƙi cin abinci kwanaki, daidai lokacin da ya fi bukatarsa. In gudawa ta same shi a cikin kwanakin nan, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ƙyanda, babu maman da zai koma wa. Ku lura, yaro marar lafiya yakan ƙi kome amma ya karɓi mama.

Ta gaya mini kuma cewa wannan ciwo na kumburi ba a kanmu aka fara ganinsa ba. Wata likita mai suna Cicely Williams ta yi aiki a ƙasar da yanzu ake kira Gana, ta rubuta bayaninsa, a 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga na Akra ke kiransa, wato kwashiyoko. Ma'anar sunan ita ce ciwon da ke kama yaro in an yi masa ƙane. Iyayen can ma sun lura da abin da iyayenmu suka lura da shi, cewa yaron da aka yi wa kwanika yakan lalace. Sai dai mu mun ɗora laifin a kan nonon mai ciki. Gaskiyar magana, cire shi daga maman farat ɗaya ba tare da abinci mai kyau ba, shi ke lalata shi.

Nonon mai ciki ba guba ba ne

Ki riƙe wannan da kyau. In kin sami ciki kina goyo, nononki bai ɓaci ba. Yana iya raguwa in cikin ya yi nisa, ɗanɗanonsa yana iya sakewa, wani yaron ma da kansa zai bari. Amma ba ya sa gudawa, ba ya sa kumburi. Abin da ake so shi ne ke ki ƙara cin abinci, gama mutum uku kike ciyarwa. In kina zubar da jini, ko kin taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, ko mararki tana murɗawa in yaro yana sha, ki je wurin ungozoma ta asibiti ta duba ki, ita za ta gaya miki ko ki tsaya.

Abin da ya fi shi ne a ba da tazara. Masana sun ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki. Wannan ba maganar mace ita kaɗai ba ce. Maigida, kai ma da kai ake. Ku je tare ku tambayi hanyar da ta dace da ku. Iyayenmu na dā sun san tazara, mace takan yi goyo shekara biyu cur kafin ta sake haihuwa.

Yadda na yaye ta biyu

'Yata ta cika shekara 2 a 2023, jim kaɗan bayan yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu. Wannan karon na yi ƙarfin hali. Na sami Inna na durƙusa na ce, "Inna, ina roƙon arziki. Ku zo ku zauna da mu ku yaye ta a nan. Ni ban iya ba, ku ne kuka iya." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Yaye a gaban uwa? Ban taɓa gani ba." Amma ta tuna daren da muka yi a asibiti, ta zo.

Mun yi wata biyu muna yi. Da fari muka cire maman hantsi. In lokacin ya yi sai Inna ta goya ta su fita zaga unguwa, su dawo ta ba ta kunu. Bayan mako guda muka cire na la'asar. Haka muka riƙa ragewa ɗaya-ɗaya. Na dare shi ne na ƙarshe. Yarinyar ta koma kwana a bayan Inna, ni ina ɗaki ɗaya da su, in ta farka ta ji muryata ta koma barci. Ba a shafa maɗaci ba. Ta yi kuka dare uku, ba mai yawa ba. Ni ma mamana bai kumbura ya sa ni zazzaɓi ba kamar na farko.

Yau duk cikin jikokin Inna babu wanda ya shaƙu da ita kamar wannan yarinya. In an yi hutu ita ke fara ɗaura kaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za a sa a kwanon yaro

Abin kunya ne yaro ya yi tamowa a Gadarif. Kasuwar amfanin gona ta garin nan tana cikin manya a Sudan, riɗinmu ana loda shi a manyan motoci zuwa Bur Sudan a kai ƙasashen waje, dawarmu tana ciyar da jihohi. Abin da yaro ke bukata yawancinsa yana cikin gidajenmu.

Ki dama kunu mai kauri, wanda in kin karkata cokali ba zai zube da sauri ba. Ki sa masa cokali ɗaya na niƙaƙƙiyar gyaɗa, wadda ake kira dakwa a nan, ko niƙaƙƙen riɗi, ko ɗan man riɗi. In akwai madara ki zuba. Godogodon da muke yi da gero da nono abinci ne mai kyau ga yaro, in an yi shi da ruwa mai tsabta.

Ki ba shi ƙwai dafaffe. Maganar cewa ƙwai yana sa yaro sata ba ta da tushe. Ki ba shi wake ko adas da aka dafa ya yi laushi, da kifi da aka cire wa ƙaya, da 'yar hanta in an yi yanka. Ki sa kabewa da ganyen zogale da kuka a miyarsa. In lokacin mangwaro ne ko gwaiba ko ayaba, ki ba shi.

Yaro daga shekara 1 zuwa 2 yana bukatar abinci sau 3 ko 4 a yini, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Ki ba shi kwanonsa shi kaɗai, domin ki ga abin da ya ci da idonki. Babba ya zauna tare da shi har ya gama. Kada a ba shi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, tana iya shaƙe shi. Shayi kuma a rage, yana cika ciki yana hana jiki ɗaukar abin da ke ƙara jini.

Ki wanke hannunki da nasa da sabulu kafin cin abinci. Na san ruwa yana da tsada a garin nan, mu ma saye muke yi. Amma mun ga kwalara a Gadarif a 2023, ta kuma dawo a 2024. Ruwan da yaro zai sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsabtace ruwa.

Alamun da ba a jira da su

Ko yaro yana wurinki ko yana wurin kaka, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan. Ƙafafunsa biyu sun kumbura. Ya rame, ko zaren awo ya nuna ja a damtsensa, wato ƙasa da santimita 11.5. Ya ƙi ci ya ƙi sha. Yana amai da duk abin da ya ci. Yana numfashi da sauri ko ƙirjinsa yana faɗawa. Ya suma ko jikinsa yana fizga.

In gudawa ce, a soma ba shi ruwan gishiri da sukari na leda nan da nan, leda ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a karɓo ƙwayar zinc a ba shi kwana 10 zuwa 14. Kada a tsai da abinci, kada a tsai da mama.

Mu da ke da dangi a bakin Rahad da Atbara, akwai ƙarin abin lura. Kala'azar tana da yawa a can. Wani ɗan ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba ke kawo ta, yana zama inda baƙar ƙasa ke tsagewa da rani, kusa da itatuwan aduwa da talha, yana cizo daga faɗuwar rana. Ciwon yakan ɗauki watanni kafin ya bayyana. In zazzaɓi ya wuce mako biyu, an sha maganin maleriya bai sauka ba, yaro yana ramewa cikinsa yana girma ta wajen hagu inda saifa take, a je a gwada jini. Tana da magani. In ba a yi maganin ba, kusan duk wanda ta kama tana kashe shi, kuma ta fi saurin kayar da yaro mai tamowa. Kada a tsaya yin sakiya ko tsaga a ciki. Yaro ya kwana cikin gidan sauro mai magani, ko a tsakar gida ake kwana.

Kafin yaro ya tafi ko'ina, a duba katinsa na rigakafi. Allurar ƙyanda biyu ce, ta wata 9 da ta wata 18, ta biyun ce ake yawan mantawa domin ta faɗo daidai lokacin yaye. Tun watan Nuwamba na 2024 kuma an soma yi wa jarirai allurar rigakafin maleriya a jihar Gadarif da ta Shuɗin Nilu. Ki tambaya a wurin awo ko ɗanki yana cikin waɗanda za a yi wa.

Ga masu cewa gida ya cika

Akwai wata hujja da ta fi ta al'ada nauyi a yau. Tun da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, gidaje da yawa a garin nan suka cika da 'yan'uwan da suka gudo. Namu gidan mai ɗaki uku ya ɗauki mutum 17. Wasu sun koma, wasu suna nan. Kuɗi ba ya isa. A watan jiya maigidana ya ce mini, "Da mun kai ƙaramin ƙauye, can akwai hatsi, akwai nonon akuya. Baki ɗaya ya ragu."

Na fahimce shi, shi ke fita nema. Amma na ce masa ya yi lissafi. A duk gidan nan, wannan yaro shi ne mafi arhar ciyarwa, domin kashi ɗaya cikin uku na abincinsa a jikina yake, ba a saya. Sauran kuwa kofi huɗu ne na kunu da ɗan ƙwai. In aka kai shi yanzu, ga yankan riɗi ya zo, abin da ya faru da wansa zai iya faruwa da shi, kuma kwana goma a asibiti ya fi abincinsa na shekara tsada. In dole sai an rage baki, babban ya je. Shekararsa 6, yana iya cewa yana jin yunwa, yana iya cewa kansa na ciwo, ya san Inna, ya san zai dawo.

Cikar gidan ma ta zo da alherinta. Ƙaramin nan yana da goggo biyu da yayye shida a tsakar gida ɗaya. Wannan ta goya shi, wancan ya koya masa tafa hannu. Babansa, wanda a dā kunya ba ta barinsa ya ɗauki yaro a gaban mutane, yanzu shi ke ba shi kunun safe kafin ya fita. Na lura yaron ya fi cin abinci a hannunsa.

Roƙona ga kakanni

Iyayenmu, ba mu ce kun yi kuskure da kuka riƙe mu ba. Da hannunku muka girma. Muna roƙo ne ku taho wurinmu in lokacin yaye ya yi, ku ba mu wata ɗaya ko biyu. In tahowa ba ta yiwuwa, ku bar uwar ta bi ɗanta ta zauna tare da ku har ya saba. Ku zaɓi lokacin da ba na aikin gona ba, lokacin da yaron yake lafiya. Kuma in 'yarku ko matar ɗanku ta ce tana kewar ɗanta na fari, kada ku ce ba ta da kunya.

Mu kuma matasan iyaye, mu iya bakinmu. Abin da aka koya mana a asibiti ba sanda ba ce ta dukan tsofaffi. Ni da na je wa Inna da "likita ya ce", da ba ta zo ba. Ki tafi da ita wurin awo, ta ga zaren da idonta, ta ji bayanin da kunnenta. Tsohuwar da ta gane, ita za ta gaya wa sauran tsofaffin unguwa, kuma za su ji maganarta fiye da taki.

Mun gama magana da maigidana da Inna. Babban zai tafi ƙauye in an ba da hutun makaranta. Ƙaramin zai ci gaba da shan mama har ya cika shekara 2. In an gama sussukar dawa Inna za ta zo, ta ce a gyara mata gadonta na wancan karon, kuma a tanadi gero domin ita ba ta yarda da kunun da nake damawa ba.